Kantin maganin da ya ƙi karɓar tsabar kuɗi

Uwar 'Yan Biyu: Jama'a ku taya ni ji. Jiya bayan isha'i zazzaɓi ya rufe Hassan, na ruga kantin magani da dubu takwas a hannuna. Yarinyar da ke kan kanta ta ce oga ya hana karɓar tsaba, sai tiransfa ko kati. Na tura, kuɗi suka fita daga asusuna, alat bai shigo musu ba. Minti arba'in ina tsaye, yaro a baya jikinsa kamar garwashi, ga magani a leda ina kallo, ga kuɗi a hannuna. Wallahi wannan zalunci ne a kan talaka.

Ɗan Kwari: Allah ya ba shi lafiya. Amma Hajiya, talaka kuma? Mai asusu da babbar waya?

Uwar 'Yan Biyu: Au, riƙe waya ne ke fitar da mutum daga talauci?

Ɗan Kwari: Talaka shi ne mai tura baro a Singa, wanda ko BVN ba shi da ita.

Tela: To ai shi ake magana. Da shi ne ya je kantin, me zai tura? Haka zai juya da ɗansa.

Mai POS: Ni ma na san talaka, kullum yana gaban rumfata. Kuma yanzu har mai rake yana da Opay, ya manna lambarsa a jikin baro.

Tela: Dole ka ce haka, abincinka ne. A watan Fabrairun 2023 ku ne kuka cire min dubu ɗaya a kan dubu biyar.

Mai POS: Mu ma saya muka yi! Ka je ka tambayi Emefiele da ya canza ɗari biyu, ɗari biyar da dubu, ya ɓoye sababbin.

Na Baba: Kada a jawo Baba Buhari cikin wannan. Don a hana sayen ƙuri'a aka yi.

Tela: An hana? Mata sun kwana a layin ATM. Gwamnonin jam'iyyarsa, El-Rufai da Matawalle da Yahaya Bello, su suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ranar 3 ga Maris ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki.

Na Baba: Kowa ya san dalilin da ya kai su kotu.

Tsohon Malami: Yara, kun bar jaki kuna dukan taiki. Dokar Babban Banki ta 2007, sashe na 20, ta ce ƙin karɓar naira laifi ne, tarar dubu 50 ko wata shida a gidan yari.

Ɗan Kwari: Baba, da girmanka, tiransfar ai ba dala ba ce. Ku ba ku san abin da muke gani ba: jabun dubu-dubu, yaran shago masu ɗan hali, rigimar canji, ga 'yan fashi da yamma.

Tela: Alat na bogi fa? Shi ba ya cin ku?

Ɗan Kwari: Kai dai fara ba ni kayan sallata da ka riƙe tun bara.

Tela: Cika min kuɗin ɗinki. Tsaba nake so.

Uwar 'Yan Biyu: Ba wanda ya tambayi yadda na samu maganin. Wani bawan Allah ne ya sa katinsa, na ba shi kuɗin hannuna. Nawa da na tura har yanzu ba su dawo ba.

Admin: To a tsaya haka. Abin da na fahimta, yawancinmu mun yarda mai kanti yana da uzuri, ni ma a shagona sau biyu ana shigo min da jabu a wata guda. Matsalar Hajiya ta sabis ce, ta je bankinta da shaidar tiransfa. Maganar doka kuma Ɗan Kwari ya amsa wa Baba. Tela, na goge saƙonka na ƙarshe.