Ciwon mantuwa ya kama mutum uku a gidanmu, in je a gwada ni ko in bari?

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin dan Allah a ɓoye sunana. Ina Aboabo nan Kumasi, shekarata 29. Mma tana da 47 abin ya fara mata, mace da ta yi shekara ashirin tana saida waakye bata taɓa ɓata lissafin canji ba sai gashi tana ba mutum canji sau biyu, tana zuba gishiri ta manta ta ƙara. Yanzu 51 take, jiya ta tambaye ni ni 'yar waye. Babanta haka ya yi ya rasu bai kai 60 ba, kawuna ma ya fara. An yi ruƙiya an sha rubutu, wasu har cewa suke jifa ne. Likita ya ce yana zargin Alzaima ce irin ta gado kuma akwai gwajin jini da zai nuna ko ina ɗauke da ita. Bikina bayan babbar sallah ne kuma wlh ban faɗa ma wanda zan aura ba. Ya zan yi?

Nas daga Mamobi: Ƙanwata Allah ya ba Mma lafiya. Kar ki fara da kanki, Mma za a fara gwadawa. Irin wannan da ke kama mutane da wuri ƙwayoyin gado uku aka sani, APP, PSEN1 da PSEN2, sai an gano wacce ta samu matsala a jikinta sannan gwajinki zai yi ma'ana. In an samu, kowane ɗa nata kashi 50 cikin 100 ne, ko ya gada ko bai gada ba, kuma wanda bai gada ba 'ya'yansa ma sun tsira. Amma fa irin na gadon nan ba shi da yawa ko kaɗan, kuma ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo da hawan jinin da ya taɓa ƙwaƙwalwa duk suna kawo mantuwa. Ki nemi a tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye tukuna.

Baban Ummi: Ni dai ban ga amfanin ki sani ba. Sikila in an gwada akwai abin yi, wannan fa? Maganin warkewa babu, sai ki zauna duk ranar da kika manta makulli gabanki ya faɗi. Ki bar ma Allah.

Hajiya ta Asawase: Baban Ummi ai tawakkali bai hana ɗaure raƙumi. 'Yata gwaji ki yi ko kar ki yi wannan naki ne, ba wanda zai tilasta ki, amma yaron nan ki gaya masa halin gidanku kafin a ɗaura. Shi zai yi jinya in abin ya zo. Ni na yi jinyar mijina shekara 7, wanka da ciyarwa da kulle ƙofa da dare kar ya fita, wanda bai shirya ba guduwa zai yi, gara ya gudu yanzu.

Nas daga Mamobi: Na manta, in ya nuna kina da ita ƙannenki ma hankalinsu zai tashi ko ba su nema ba, shi yasa ake zama da mai ba da shawara kan cututtukan gado kafin a ɗebi jini. Kuma yara 'yan ƙasa da 18 ba a gwada su.

Mai tambaya: Na gode sosai. Hajiya maganarki ta hana ni barci, amma Juma'a zai zo gaida Mma, zan bar shi ya zauna da ita ya gani da idonsa sannan in yi masa bayani. Anti nas, wace rana ce asibitin ƙwaƙwalwan ke ganin mutane, kuma sai da takardar likitanmu?