Kiyashi sun hana ni sakat a kicin, ga baƙaƙe kuma a kan kuɓewa, ina mafita banda feshi?

Uwar Biyu, Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ku taimaka min, wlh kiyashi sun ishe ni. Tun da ruwan farko ya sauka a watan 5 kamar an aiko su, sukari ba dama, gwangwanin Nido ba dama, hatta zumar da ƙanwata ta kawo min daga Ngawundare na ɗaure bakinta da leda na rufe amma da safe na tarar sun yi layi tun daga ƙofa har saman kanta. Na zuba gishiri, na zuba kananzir gida ya yi ta wari kwana biyu suka dawo abinsu. Garin maganin nan da ake sayarwa a sashe kuma tsoro nake ji, ina da yaro mai rarrafe, komi ya gani sai baki.

Na biyu kuma ɗan lambuna na bayan ɗaki, kuɓewa da yakuwa da barkono, wasu baƙaƙen tururuwa suna ta hawa da sauka a jikin kuɓewar, ganyen duk ya nannaɗe yana danƙo. Su ne ke cinye shi ko yaya? Ina son dabara irin ta gida wadda ba za ta cuci yaro ba.

Hajiyar Baladji, Ngawundare:
Wa alaikumus salam ƴata. Ke kiyashi kike kuka da su, zo nan da damina ki ga kwarkwasa, wata shekara da tsakar dare suka shigo akurki sai kukan kaji muka ji, ƴan tsaki shida suka tafi. Amma naki mai sauƙi ne. Shi kiyashi ba ido yake bi da shi ba, wari ne, wanda ya fara gano abinci yana komawa gida yana barin wari a ƙasa sauran su bi, shi ya sa kike ganinsu a layi kamar ƴan lakwal. To in kin share su da tsintsiya kawai hanyar tana nan ai. Ki samu binegar na butik ki haɗa rabi da rabi da ruwa ki goge hanyar tun daga inda suke fitowa, in babu ko ruwan omo ko lemun tsami ya yi, safe da yamma kamar kwana uku. Sai ki bi layin ki ga tsagar da suke fitowa ki liƙe da siminti, ko sabulu ma in kin danna a ciki yana riƙewa.

Zumar kuma ki sa kwalbar a cikin faranti mai ruwa, ba sa haye ruwa. Mu da ƙafafun teburin abinci a gwangwanin tumatir muke sa su mu zuba ruwa, sai dai ki riƙa canzawa duk kwana biyu kar ki kori kiyashi ki yi kiwon sauro. Kuma ki wanke jikin kwalbar daga waje, ɗigon da ke gangarowa shi ke kiransu. Toka kuma a bakin ƙofa, busasshiya, in ta jiƙe ta tashi aiki.

Ɗan lambu, Marwa:
Hajiya ta gama da kicin bari in yi maganar kuɓewa tunda sana'ata ce, albasa da kayan miya muke yi a bakin mayo, wato kogi. Yaya, ba tururuwa ke cin ganyenki ba. Ki je yanzu ki juya ganye ɗaya ki duba bayansa, za ki ga wasu ƙananan ƙwari a cunkushe, kore ko baƙi-baƙi, wani lokaci fari kamar auduga, su ne darɓa, suna tsotsar ruwan ganye suna fitar da wani ruwa mai zaƙi, danƙon nan da kike ji kenan. Tururuwa wannan zaƙin take zuwa sha, har gadinsu take tana korar ƙwarin da ke cinye su, kamar dai Bafulatani da shanunsa wlh. Ki kashe tururuwa dubu darɓa na nan gobe wasu za su zo.

Ki tsinto ƴaƴan dogon yaro, wanda Fulani ke ce wa gannyi, Garwa ai ba titin da babu shi, ki shanya ki daka kamar rabin kilo ki jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, da safe ki tace da tsumma ki kankare ɗan sabulun wanki kaɗan a ciki don ya kama ganye. Ki fesa da yamma bayan la'asar, ba da rana ba kar ganye ya ƙone, kuma ƙarƙashin ganyen za ki fi ba ƙarfi don can suke. Bayan sati ki sake. Ganyen da ya nannaɗe sosai ki tsinke ki kai nesa. Kar ki cika sabulu, na taɓa ƙona barkono kadada guda-guda saboda zalama, ai wai don ya fi ƙarfi.

Ruwan zafi a rami yana aiki amma in ramin a gindin shuka yake saiwar za ki dafa tare da su. Ni in ba cinnaka ba ne mai cizon yara ko wadda ke kwashe min iri a bedi bana ma kula su, suna huda ƙasa ruwa na shiga.

Malam na Zaure:
Ƙarin bayani kaɗan, a guji sa musu wuta kamar yadda wasu ke zuba fetur a rami su ƙyasta ashana. Hadisi ya zo a Bukhari da Muslim kan wani Annabi da tururuwa ɗaya ta cije shi ya sa aka ƙona gidansu duka, aka yi masa wahayi na zargi. Malamai sun ce wadda ke cutarwa babu laifi a kawar da ita, amma ba da wuta ba. Korar da su Hajiya suka faɗa ta fi kusa da tsira. Allah ya raya yaro.

Baban Yara, Njamena:
Ni dai duk na gwada su binegar ɗin nan, suna aiki amma na kwana kaɗan ne in gidan yana cikin bango, don waɗanda kike gani ma'aikata ne kawai, uwar tana can ciki tana ta ƙwai ba ta fitowa. Abin da ya raba ni da su shi ne asid borik, farin gari ne ana samu a famasi, ƙaramin cokali 1 a ruwa rabin lita da sukari mai yawa, a jiƙa auduga a sa a murfin kwalba kusa da hanyarsu. Su sha su kai gida su ba sauran har uwar. Kar ki cika garin, in ya yi yawa a hanya za su mutu bai kai ciki ba, kuma ranar farko za ki ga sun ƙaru kar ki kashe su, sati ɗaya zuwa biyu za ki ga layin ya ɗauke. Amma fa gaskiya wannan ba na inda yaro ke rarrafe ba ne, abu mai zaƙi ne kuma guba ne in ya sha, in ba ki da wurin da hannunsa ba ya kai wa sam, kamar saman kabad, ki bar shi kawai.

Uwar Biyu, Garwa:
Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri. Ɗan lambu wlh na je na juya ganyen, innalillahi, cike yake da su kamar an yayyafa gero, ni duk zatona ƙura ce. Na aiki yara tsintar ƴaƴan dogon yaro amma ɗanyu suka kawo, dole sai sun bushe ko zan iya dakawa haka? Hajiya na bi layin ashe ta bayan tukunyar ruwa suke fitowa inda siminti ya fashe, na danna sabulu kafin maigida ya samo siminti. Baban Yara naka sai yaron ya yi wayo tukuna, jiya ma gawayi na ƙwace a bakinsa.