Abin da ya kamata yaro ya iya kafin ya bar makaranta

Da aka tattara ra'ayoyin iyaye da malamai, maganar kuɗi ce ta fi cin lokaci. Yaro ya iya warware lissafin aljabara, amma a miƙa masa takardar bashi ya kasa gano cewa ruwan kashi 5 cikin 100 duk wata ya kai kashi 60 a shekara, kafin ma ruwa ya hau kan ruwa. Shawarar ita ce a ba ɗalibai albashin gwaji su kasafta shi: haya, abinci, ajiya, su ga inda aljihu ke yoyo.

Sai taimakon gaggawa. Wanda ya ƙone, a sa wurin ƙarƙashin ruwan sanyi minti 20, ban da ƙanƙara. Wanda zuciyarsa ta tsaya, a danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti. Wannan da hannu ake koyonsa, allo ba ya wadatarwa.

Girki, ɗinke maɓalli da rubuta takardar neman aiki ba su jawo gardama ba. An kawo misalin Japan, inda ɗalibai ke share azuzuwansu da kansu.

Wasu sun ce koyar da duk wannan aikin iyaye ne a gida. Ni dai ban gamsu ba, don iyaye da yawa su ma ba wanda ya koya musu.