Gambiya ba ta kai Kebbi girma ba, amma dubi yadda ta riƙe tarihinta

Ɗan Kabi: Jama'a, abin nan ya ci mini rai. Ƙanena yana Banjul, babban birnin Gambiya, ya turo mini hotuna. Gambiya ƙasa ce siririya, kogi ya ratsa tsakiyarta, Senegal ta kewaye ta ta ko'ina sai bakin teku. Girmanta kusan murabba'in kilomita 11,300 ne, Kebbi ta ninka ta uku. Amma Turawa na biyan kuɗi su shiga kwalekwale zuwa tsibirin Kunta Kinte, inda aka riƙa tsare bayi, su wuce Wassu su kalli duwatsun da mutanen da suka kakkafa a da'ira. Duka biyun suna cikin jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙasar Musulunci ce, ba ta bar tarihinta ya lalace ba. Mu kuwa ganuwar Surame, birnin Kanta Sarkin Kabi, tana ta zubewa ba mai waiwaye.

Malam Na Gwandu: Gyara maganarka, ɗana. Ƙasar Musulmi dai, ba ƙasar Musulunci ba. Ba da shari'a ake mulkinta ba.

Hajiya Mai Atamfa: Allah gafarta Malam, ai shugabanta na lokacin Yahya Jammeh ya ayyana ta Jamhuriyar Musulunci a Disambar 2015.

Malam Na Gwandu: Magajinsa Adama Barrow kuma ya cire sunan a 2017, Hajiya. Jammeh ɗin da ya ce yana warkar da ƙanjamau da sassaƙe, shi za ki kafa mini hujja da shi?

Ɗan Kabi: Malam, sama da kashi 90 cikin 100 Musulmi ne. Ga masallacin Sarki Fahad nan a Banjul. Ni maganar Surame nake yi.

Na Jega: In ta Musulunci ce, me ya kawo tafkin kadoji na Kachikally a Bakau? Matan da ba su samu haihuwa ba na zuwa a yi musu wanka da ruwan, baƙi na shafa bayan kada ana ɗaukar su hoto. Shirka ce tsagwaronta.

Ɗan Zuru: Na san za a zo nan. Da an ambaci kada sai ku ce shirka, alhali Girmache, wurin kadojinmu na Zuru, kuke nufi. Ku fito fili mana.

Na Jega: Wa ya ambaci Zuru? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Hajiya Mai Atamfa: Ƙasar Musulunci ko ta Musulmi, ai ana kiran salla sau biyar. Ku bar wahalar da mu.

Malam Na Gwandu: Bambancin ba ƙarami ba ne, Hajiya. Ko a Argungu, sai Sarkin Ruwa ya gama al'adunsa kafin a faɗa kogin Matan Fada kamun kifi.

Ɗan Kabi: A'a Malam, kar ka taɓa Argungu! Bikin kamun kifi zumunci ne, tun 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara bayan tsohuwar gaba. Ku dai ba ku son a yabi Kabawa.

Malam Na Gwandu: Surame ɗin ma yanzu a jihar Sakkwato take. Hubbaren Shehu Abdullahi na nan Gwandu, ko sau ɗaya ba ka ambace shi ba.

Ɗan Zuru: Ku biyun duka ba ku san akwai kudancin Kebbi ba sai lokacin zaɓe.

Na Jega: Ka janye kalmar da ka jingina mini tukuna.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka. Abin da aka cimma: Malam ya tabbatar da hujja cewa Gambiya ƙasar Musulmi ce kawai, kuma ba wanda ya iya ba shi amsa. Ɗan Kabi ya kawo ɓangaranci cikin zance, ya manta da hubbaren Gwandu wanda shi ya fi cancantar a fara gyarawa. Ɗan Zuru ya zargi Na Jega ba dalili, dole ya ba shi haƙuri. Na rufe zauren sai bayan isha'i.