Zafin inji a ƙananan jiragen haɗin gida: abin da muka gani a bazarar Saudiyya

Baban Amira, Riyad:
Assalamu alaikum. Bazara ta kankama, ina so kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa kan zafin inji. Ga wanda ke gabanmu yanzu: ƙaramin jirgi samfurin RV-7 mai injin O-360 na kamfanin Lycoming, a filin Sumama da ke arewacin Riyad. Da hantsi, zafin gari na digiri 43, zafin kan silinda ta 3 yakan haura digiri 230 tun ba a gama hawa ba, sauran ukun kuma suna wajen 210. Jan layin Lycoming, wato iyakar zafin da ba a ƙetarewa, 260 ne, amma su da kansu sun ce in ana son inji ya yi ƙarko kada a zauna sama da 224, gara ma 205 zuwa ƙasa. Mai jirgin ya ɗauko zarto zai faɗaɗa bakin murfin inji, na ce ya dakata mu ji daga gare ku.

A tuna Riyad na kan tudun kusan mita 600. In zafi ya kai 45, iskar ta yi sakayau har inji yana jin kamar yana ƙafa 6,000 a sama, alhali taya ba ta bar kwalta ba.

Kawu Makanike, Makka:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka kyauta da ka riƙe masa hannu. Murfin da aka yanka ba ya komawa, kuma sau da yawa ba ƙarancin iska ba ne, iskar ce take bin hanyar da ba ita ba. Abin da ke sanyaya wannan inji shi ne iska ta taru a samansa da ƙarfi, a ƙasansa kuma ta yi rauni, dole ta kutsa ta tsakanin haƙarƙarin silinda, wato siraran fika-fikan ƙarfe da ke jikinta, ta sauka. Duk wata kafa da ta samu a gefe, nan za ta bi ta bar muku zafinku.

A fara da awo. Ku sami siririn tiyo garai-garai, irin na tankin kifi, ku lanƙwasa shi kamar ƙugiya a jikin rula, ku zuba ruwa mai kala zuwa rabi. Baki ɗaya ya tafi saman inji, ɗayan ƙasansa. A kowane baki a sa guntun bututun alminiyom da aka toshe ƙarshensa aka huda masa ƙananan ramuka a gefe, don kada iska ta hura ciki kai tsaye ta ba ku lissafin ƙarya. A ɗaure su nesa da salansa. Na kujerar gefe shi zai karanta lokacin hawa, ba matuƙi ba. Ana neman bambancin wajen inci 5 zuwa 6 na ruwa. In kun ga 3, to akwai yoyo, ko kuma mafitar ƙasa ta shaƙe.

Sannan da dare a rumfar jirgi, a kashe fitilu, a sa tocila a ƙarƙashin inji, a leƙa ta bakin murfi. Duk inda haske ya ɓullo ba ta tsakanin haƙarƙari ba, a toshe shi da jan silikon mai jure wuta. Robar da ke bakin shingayen iska, wato farantan da ke kewaye da inji suna tare iska a samansa, dole ta karkata ciki da sama, yadda ƙarfin iska zai manna ta da murfi. Ta baya ita ce mai yawan naɗewa waje lokacin rufe murfi cikin gaggawa. Ƙurar ƙasar nan ma tana taimakonmu: ku kifar da murfin sama ku duba cikinsa, inda roba ta zauna za ku ga baƙin layi, inda iska ke tserewa kuma za ku ga sawun ƙura ja kamar an shafa da yatsa.

Ita kuwa silinda ta 3, wato ta baya a dama, tana da nata dalilin. Gefen kanta da ke jingine da shingen baya haƙarƙarinsa ba su da zurfi, in shingen ya manne, iska ba ta da hanyar sauka. A sa washa ɗaya ko biyu a kusar da ke riƙe shingen a wurin, a bar tazarar milimita 2 zuwa 3. Kada a wuce haka, sai ya zama wani yoyon.

Maman Yasir, Ɗa'if:
Kawu ya gama magana kan iska. Ni dai kafin a kwance komai, a tabbatar ma'aunin ba ƙarya yake ba. A ciro na'urar jin zafin, a tsoma ta a tafasasshen ruwa. A Jidda ya kamata ta nuna 100, a Riyad wajen 98, mu nan Ɗa'if wajen 94 saboda tudu. Haka kuma mai zobe da ake sa wa a ƙarƙashin fulogi ba ta karanta daidai da wadda ake ɗaurawa a ramin kan silinda, kada a gauraya su a inji ɗaya a ce za a kwatanta. Hanya mafi sauƙi: a musanya na'urar silinda ta 3 da ta 1. In zafin ya bi na'urar, an huta.

Sai taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta. Yawancin O-360 digiri 25 ne na juyin inji, ba na zafi ba, yana rubuce a farantin da ke jikin injin. Ya zarce gaba da digiri biyu ko uku kawai, duk silindojin za su ɗau zafi tare. A kuma sauke hanci kaɗan lokacin hawa, RV tana hawa lafiya a gudun not 110 zuwa 120 (not mil ɗin teku ne a awa), iska ta fi shiga.

Injiniya, Jidda:
Bari in shigo da injin Rotax 912 ULS, tunda yana da yawa a ƙananan jirage. Kan silinda ruwa ke sanyaya shi, jikin silinda iska, ga lagireton mai daban. Iyakar zafin baƙin mai 130, inda aka fi so 90 zuwa 110. Masu sabon kan silinda iyakar ruwansu 120.

A nan matsalar a ƙasa take, ba a sama ba. Jirgi na jiran izini a bakin titin tashi, farfela na juyi a sulo, kusa da cibiyarta ba ta tura iskar kirki, allura sai hawa. A juya hanci ya fuskanci iska, a ɗan ƙara totur zuwa wajen juyi 2,500 a minti, ruwa ya zagaya. In zafin ruwan ya doshi 115 ba a samu izini ba, a koma a kashe.

Abubuwa uku nake fara dubawa. Marfin tankin ruwa: mai riƙe matsin ba 1.2 ne (ba ma'aunin matsi ne), in robarsa ta tsage ruwa zai tafasa da wuri ya cika kwalbar rara. Sai iskar da ta maƙale a tiyo bayan canjin ruwa, alamarta allura ta riƙa tsalle. Sai tazarar da ke tsakanin lagireto da murfi: ko faɗin yatsa ce, iska za ta kewaye shi, a cike ta da roba ko soso mai jure zafi. Ruwan sanyaya inji na kanti a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa, ban da na famfo, gishirinsa yana toshe ƙananan hanyoyin. Bayan kowace guguwar ƙura a wanke lagireto daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi.

Kuma don Allah fetur mai lamba 95, ba 91 ba. Da 91 a wannan zafi inji zai yi ƙwanƙwasa, ba za ku ji ta ba saboda ƙarar farfela, sai an buɗe a ga fistin ya ci wuta.

Ƙaramin Matuƙi, Madina:
Yaya Injiniya, in ƙara ɗaya. Bayan an sauka an kashe, zafi yakan taru a cikin murfi har fetur ya zama tururi a tiyo, inji ya ƙi tashi ko ya yi tari a kan titi. A buɗe ƙofar duba mai a bar ta a buɗe, a sa wa tiyon fetur rigar kare wuta, a tabbatar layin da ke mayar da rarar fetur tanki bai toshe ba.

Baban Amira, Riyad:
Allah ya saka da alheri. Kawu, maganarka ta tabbata. Awon farko inci 3 da rabi ya ba mu. Robar baya ta naɗe waje tsawon taƙi guda, ga rami kusa da lagireton mai da babban yatsa ke shiga. Mun gyara, mun sa washa ɗaya. Taimin daidai yake, Hajiya, na'urar ma lafiya. Yau bayan asuba awo ya haura inci 5, silinda ta 3 ta tsaya a 212, sai dai gari bai yi zafi ba tukuna, za mu sake gwadawa da hantsi. Baƙin mai ne har yanzu yake 108, iyakarsa kuma 118. Gobe in sha Allahu za mu ciro bawul ɗin da ke tura mai zuwa lagireto mu duba ko bakinsa yana zama daidai. Kawu, in tsoma shi a ruwan zafi, a digiri nawa ya kamata ya gama miƙewa?

Kawu Makanike, Makka:
Wajen 85. Ka auna tsawonsa da sanyi, ka sake aunawa da zafi, ka kuma duba zoben da ya bari a mazauninsa, ya zama ya zagaye babu yankewa.