"Elevator pitch" da Hausa: ni dai na zaɓi "maganar tsaye"

Assalamu alaikum jama'a. Tambayar da na yi kwanan baya ta jawo amsoshi masu yawa, to bari in tattaro su wuri ɗaya in kuma faɗi inda na karkata. Ga wanda bai ga tambayar ba, ga ta: a tarukan koyar da sana'a da neman jari akwai wata kalmar Turanci da ta ƙi fita daga bakin masu horarwa, wato "elevator pitch". Malami zai yi ta zuba Hausa tiryan-tiryan, da ya iso nan sai ya ce "kowa ya shirya pitch ɗinsa", sai ka ga rabin zauren suna kallon juna. A Nijar ma haka abin yake, don Faransanci shi ma ya ari "pitch", ita matasan Yamai da Maraɗi da Damagaram ke ji. Tun da gidauniyar Tony Elumelu ta fara shirinta a 2015, tana ba matasan Afirka jarin dala 5,000, aka kuma samu ire-irensa da dama, 'ya'yanmu suka fara cin karo da kalmar nan a kai a kai. Suna bukatarta da harshensu.

Abin da ake nufi shi ne bayanin da bai wuce rabin minti zuwa minti ɗaya ba, wanda mai sabuwar dabarar kasuwanci zai yi wa wanda ke da kuɗi ko hanya: ga matsalar da na gani, ga yadda nake magance ta, ga shaidar cewa ana saye, ga abin da nake nema a wajenka. Sunan daga Amurka ya fito, inda "elevator" ke nufin lif, wato na'urar hawa da sauka a dogon bene. A birnin New York aka fara sa lif mai ɗaukar mutane a wani kanti a 1857, na kamfanin Otis, daga baya dogayen benaye suka zama gidajen manyan kamfanoni. Shugaban kamfani yana can ƙololuwa, sakatare a ƙofarsa, ba ka ganinsa sai da alƙawari. Wuri ɗaya da ƙaramin mutum zai tsinci kansa kafaɗa da kafaɗa da shi, ba shamaki, shi ne cikin lif, kuma da ƙofa ta buɗe an rabu ke nan.

Shi ya sa ban karɓi "jawabin lif" ko "tallar lif" da wasu suka kawo ba. Ɗan kasuwar Dawanau ko na Kantin Kwari, wanda ya fi mu duka sanin ciniki, in ka ce masa "tallar lif" zai ɗauka lif ɗin kake sayarwa. Ba a cikin lif muke haɗuwa da masu kuɗinmu ba. Masu Faransanci ma da suka nemi tasu kalmar sun watsar da lif ɗin, suka ce "argumentaire éclair", wato hujja mai saurin walƙiya.

Malamin da ya rubuta "taƙaitaccen bayanin gabatar da kasuwanci", Allah ya saka da alheri, ma'anar ta fita tsaf. Sai dai wannan fassara ce, ba suna ba ne. Mun ga yadda aka yi da "na'ura mai ƙwaƙwalwa": tana cikin littattafai da labaran rediyo, amma a shago kwamfuta ake cewa. "Manhaja" kuwa ta zauna daram, don gajera ce kuma baki ya saba da ita tun daga makaranta.

"Talla" ce ta fi samun goyon baya, kuma na daɗe ina juya ta. Gaskiya tana da kusanci. Amma a duba yadda talla take a wajenmu. Mai talla kayansa na hannunsa ko a kansa, yana kiran kowa da kowa, abin da ya faɗa a wannan layin shi zai maimaita a na gaba, kuma abin da yake so shi ne a miƙo kuɗi a karɓi kaya nan take. Wanda muke magana a kansa mutum ɗaya ya nufa, ya san ko wane ne shi, ya san abin da ke motsa shi. Sau da yawa ma kayan bai gama samuwa ba, dabara ce da ɗan gwaji. Kuma ba a kammala komai a wurin. Babu mai hankalin da zai zuba jari a kasuwancin da ya ji labarinsa cikin daƙiƙa 40. In muka ce wa matashi "talla" ce, zai je ya yi ta zuba kamar mai maganin gargajiya a tasha, yana jiran a sa hannu a aljihu, abin da ba shi ake nema ba. Bayan haka talla ta riga ta ɗauki kaya mai nauyi, ita ce ta rediyo da talabijin da allunan kan titi. Kada mu ƙara mata.

"Kirari" ban tsaya a kanta ba, don mu mutane ne da ke cewa yabon kai jahilci, kuma wanda ya tsaya gaban Alhaji yana wasa kansa ya gama zubar da damarsa. "Tayi" kuma a kasuwa mai saye ne ke tayawa, sai kalmar ta juya alƙiblar maganar.

"Take" fa, da wata Hajiya ta kawo? Ita ina so mu ajiye ta, don akwai gurbinta. Cibiyar Y Combinator ta Amurka, wadda ke rainon sababbin kamfanoni tun 2005, tana da wata tambaya a fom ɗinta: ka faɗi abin da kamfaninka ke yi cikin haruffa 50 ko ƙasa da haka. To wannan jimla ɗaya tilo, ita ce take. Taken kasuwanci. Abin da muke nema wa suna ya fi take tsawo, take yana zaune ne a cikinsa.

Wanda ya ce "ɗanɗano" ya fahimci abin sosai. Mai tsire yana yanko maka ɗan yanki, ba don ka ƙoshi ba, don ka tsaya ka saya. Manufar ke nan. Abin da ya hana ni ɗauka shi ne, a harkar kasuwanci ɗanɗano ya fi dacewa da samfurin da za ka miƙa a taɓa ko a lasa, kuma za mu bukaci kalmar a can.

Yanzu ga tawa. Mu tambayi kanmu, a ina yaro mai dabara yake samun attajiri a ƙasar Hausa ba tare da alƙawari ba? A fitowa daga masallaci, tsakanin sa takalmi da isa mota. A wajen ɗaurin aure bayan an shafa fatiha. A rakiya, daga zaure zuwa bakin titi. A bakin shago, Alhaji yana duba dilolin da ake saukewa, rabin hankalinsa na wajen 'yan dako. Duk a tsaye ake. Kuma Hausa ta riga ta raba magana gida biyu tun tuni: in ka tare dattijo a hanya da batu mai nauyi zai ce maka, "Wannan ai ba maganar tsaye ba ce, ka same ni gida mu zauna." Ba mu ƙirƙiro komai ba, akwai maganar tsaye, akwai maganar zaune.

Na san abin da za a ce, wani ɗan'uwa ma ya riga ya faɗa mini: ai a Hausa maganar tsaye ita ce mara nauyi, wadda ake yi sama-sama, ya za mu ba abu mai muhimmanci wannan suna? A nan ne ma kalmar ta fi burge ni. Sunan yana koya wa mai shi iyakar abin. Yana gaya masa cewa a nan ba za ka ƙare ba, kada ka kwaso lissafin riba da tarihin yadda ka fara. Aikinka ɗaya ne, ka sa mutumin ya furta da bakinsa cewa wannan ba maganar tsaye ba ce. In ya faɗi haka, ko ya ce karɓi lambata, ko ya ce zo kasuwa ran Laraba, to ka ci nasara. Masu koyar da abin da Turanci sai sun ɓata lokaci suna nanata cewa burin shi ne samun zama na biyu. Mu kalmar da kanta ta faɗa.

Wani kuma ya ce yanzu ai ta waya ake yi, ko a saƙon murya na WhatsApp, ko a kan dandamali gaban alƙalan gasa, ba lallai a tsaye ba. Haka ne. Su ma masu lif ɗin yawancinsu ba a cikin lif suke yi ba.

Akwai wani dalili da ya sa na damu da samun sunan nan, ya ma fi batun harshe. Matasanmu da yawa in suka samu wannan rabin mintin, roƙo suke yi ba su sani ba. Ga yadda ake yi: "Alhaji barka da Juma'a, ya iyali, ya kasuwa, Allah ya ƙara girma. Dama Alhaji ni ɗan wane ne, na gama karatu shekara uku ba aiki, ga mahaifiyata ba lafiya, shi ne na ce ko za a taimaka mini da ɗan jari in fara wani abu." Kafin ya rufe baki an kai mota, Alhaji ya zaro abin da ya sauwaƙa ya miƙa masa, an ja ƙofa. Yaron bai yi ƙarya ba, halin da yake ciki ke nan. Amma ya shiga layin masu neman taimako, kuma daga wannan layin ba a kiran mutum zama. Tunda abin ba shi da suna a harshenmu, bai san akwai wata hanya dabam da ake koyo ba.

Ga misalin da na tsara, a ce yarinya ce daga yankin Kura, inda tumatur ke yin arha a lokacin rani har ya ruɓe a kwando:

"Salamu alaikum Alhaji, barka da fitowa, minti ɗaya nake nema. Daga Kura nake. Kauɗar tumatur da ake shanyawa a ƙasa tana zuwa da yashi, shi ya sa masu gidan abinci ba sa son ta. Ni a kan raga nake busarwa cikin rumfa, ba yashi ba ƙuda, in ƙulla a leda mai sunana. Gidajen abinci huɗu a birni suna karɓa duk mako, har ba na iya cika musu. Rumfa ta biyu nake so in kafa kafin kakar bana. In ka ba ni lokaci in zo shago, zan kawo samfur da littafin cinikina ka duba da kanka."

A lura ba ta tsallake gaisuwa ba. Littattafan Turawa suna cewa ka faɗa kai tsaye cikin batu, amma a nan wanda ya tari babba ba sallama ya rasa shi tun kafin ya fara. Sai dai gaisuwar ta tsaye ce ita ma, sallama da barka, ba a kai ga tambayar gajiya da iyali ba. Ba ta ambaci halin gidansu ba. Ba ta ce kayanta ya fi na kowa a duniya ba, ta bar gidajen abinci huɗun su yi mata shaida, kuma jimlar "ba na iya cika musu" ita ce za ta tsayar da ɗan kasuwa, don shi ya san ma'anar oda ta fi ƙarfin kaya. Ba ta faɗi adadin kuɗi ba, ta bar shi sai an zauna. Littafin ciniki kuma shi ne abin da attajirin Kwari zai yarda da shi fiye da kowace takarda mai ado. Duk wanda zai shirya tasa, ya kunna agogon wayarsa ya karanta da ƙarfi, ya yi ta yankewa har ta shiga minti ɗaya ba tare da ya yi haki ba. Sannan ya gwada ta a kan wanda bai san sana'ar ba, ya ce masa maimaita mini me nake sayarwa.

Ta fuskar nahawu ba ta da matsala. Ana cewa "shirya maganar tsayenka", "ta yi wa masu zuba jari maganar tsaye", "gasar maganar tsaye", jam'i kuma "maganganun tsaye". Inda ake tsoron ruɗani a rubutu, sai a ce "maganar tsaye ta kasuwanci" a karon farko, daga nan a ci gaba da gajeren. Dogon bayanin da ake yi daga baya, da alƙaluma da hotuna a allo, shi ne maganar zaune. Sai mu samu uku a jere, take, maganar tsaye, maganar zaune, kuma mai horarwa zai iya koyar da su a ƙauye ba tare da ya ari kalma ɗaya ba.

Abin da ya rage shi ne gwaji. Masu shirye-shiryen kasuwanci a gidajen rediyo da masu horar da matasa, don Allah ku sa ta a bakinku a zama na gaba, ku faɗe ta ba tare da fassara ba, ku ga ko za a gane. 'Yan'uwanmu na Nijar, da na zango-zangon Kumasi da Accra, da na Garwa da Marwa, ina so in ji daga gare ku: in dattijo ya ce "ba maganar tsaye ba ce", haka ake faɗa a wajenku, ko akwai wata hanyar da kuka fi sabawa da ita? In akwai, a kawo ta mu auna.