Raba wa sabobi aiki gwargwadon nauyin da ke kansu

Ga abin da na tsinta daga hirarmu ta jiya kan yadda za a raba wa sabobi aiki, wato kwamfutocin da ke amsa buƙatun masu shiga shafi.

Kusan kowa ya yarda rabon bi-da-bi, wanda Nginx, manhajar da ke raba wa sabobi buƙatu, ke zuwa da shi tun farko, yana tafiya lafiya ne kawai idan buƙatun nauyinsu ɗaya, amma da zarar wani ya fara loda ƙaton fayil ko tambaya ta daɗe a rumbun bayanai sai ka ga saba ɗaya ta shaƙe sauran na zaman kashe wando. Shawara dai a riƙa tura wa sabar da haɗinta ya fi ƙaranci a lokacin, wato least_conn a Nginx, leastconn a HAProxy, wata manhajar rabon aikin. In injinan ba ƙarfinsu ɗaya ba, sai a sa musu weight, wato lambar da ke nuna kason kowace, babba 3 ƙarama 1.

Musu ya yi zafi kan ip_hash, wato a riƙa tura mai adireshin IP guda zuwa saba guda kullum. Wasu na so don kada a riƙa fitar da mutum daga asusunsa, ni kam ban gamsu ba, masu datar waya da yawa kan fito da adireshin IP guda, sai duk su taru kan saba ɗaya. Gara bayanan shiga su zauna a Redis, rumbun bayanai guda da duk sabobin za su riƙa dubawa. Sannan a kunna duba lafiyar sabobi a HAProxy, wadda ta mutu a daina tura mata.